Wai wushiryata ce matsala! Abin da na gani wajen likitocin haƙori a Landan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar ruwan saman nan, a cikin mota nake. Yanzun nan na mayar da yarinya makaranta daga asibiti, na ce wallahi ba zan shiga gida ba sai na amayar da abin da ke cikina. Wata biyar ke nan maganar nan tana cina.

Ku dubi bakina da kyau. Kun gan ta? Wushirya ce. Ta kakata ce ta wajen uwa, ta tsallake mahaifiyata ta faɗo kaina, kuma duk cikin jikokinta ni kaɗai na gaje ta. Ina ƙarama a Zariya, in an je gidan biki tsofaffi kan jawo ni su ce in yi dariya su gani. Akwai matan da kuɗinsu suke kaiwa a fiƙe musu haƙori don kawai a buɗe musu ita, ni kuwa Allah Ya ba ni kyauta. To wannan abin ne wani bawan Allah a garin nan ya kalla ya kira shi matsala.

Wankin haƙori na je, ni da babbar 'yata. Likitan da muka saba da shi ya bar wurin, sabo muka tarar, matashi, mai fara'a, ba laifi. Da ya gama wanki sai ya ɗauko wata na'ura kamar sanda mai kyamara a kai, ya zagaya da ita cikin bakina. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga haƙorana a allon kwamfuta. Ya danna wani abu, haƙora suka kama tafiya da kansu, wushiryar ta rufe ruf. Ya juyo yana murmushi, wai haka zan koma cikin wata bakwai in na sa robar nan mai kamar gilashi da ake kifawa a kan haƙori, irin su Invisalign da kuke gani a talla. Fam 3,400, in babu a dunƙule ana biya wata-wata. Bakin da na gani a allon nan ba nawa ba ne. Raina ya ɓaci sosai. Na ce masa, likita, a garinmu wannan ado ne, da ita aka aure ni, da ita za a binne ni in sha Allahu.

Ya ce to ba komai, sai ya juya kan yarinya. Nan ne fa na kusa yin kuskure, kuma saboda shi na kunna kyamarar nan.

Shekararta 13. Haƙoranta na sama sun ɗan cunkushe, wani ya hau kan wani, kuma fiƙarta ta hagu har yau ta yarinta ce, ba ta yi famfararta ba. Ta fara sa hannu tana rufe baki in za ta yi dariya. Duk uwar da ta taɓa ganin 'yarta tana haka ta san yadda zuciya take yi. Ya leƙa, ya zagaya da sandarsa, ya ce ita ma robar za ta yi mata, layin gwamnati yana da tsawo, in mun biya yau cikin sati uku an fara. Har da ragi, tunda mu biyu ne. Yarinya ta kalle ni da idanun nan nata. Wallahi hannuna yana kan jaka. Abin da ya tsayar da ni ɗaya ne: haushin maganar wushiryar bai sake ni ba, na ce bari in je gida in shawarci Abbansu.

Ranar Juma'a a masallacinmu na Old Kent Road na haɗu da wata yayata, 'yar Sakkwato ce, ma'aikaciyar jinya, ta fi shekara ashirin a ƙasar nan. Ina ba ta labari ta katse ni. Ta ce, "Ya ɗauki hoton ƙashi?" Na ce a'a. Ta ce, "Yarinya mai shekara 13 da fiƙar yarinta a baki, ba a ɗauki hoto ba, za a fara tura haƙora? Ƙanwata, kada ki sa hannu a komai." A tsaye a bakin ƙofa, muna neman takalmanmu, ta koya mini abin da shekara tara a Ingila ba su koya mini ba.

Ashe likitan haƙori kashi-kashi ne. Duk wanda ya gama digirinsa na shekara biyar ya yi rajista, likitan haƙori ne, yana cike rami, yana cirewa, yana wanki, kuma doka ba ta hana shi daidaita haƙora ba in yana ganin ya iya. Amma akwai wanda bayan wannan ya koma ya ƙara shekara uku cur ba ya koyon komai sai yadda haƙori yake motsi a cikin ƙashi da yadda muƙamuƙi yake girma. Shi ne otodontis. Hukumar da ke rajistarsu, GDC, tana da jerin sunayen ƙwararru daban, kuma wanda sunansa ba ya cikin jerin ba shi da ikon kiran kansa ƙwararre. Shafinsu a buɗe yake, kyauta. A cikin bas na rubuta sunan likitanmu. Yana da rajista, ba ɗan damfara ba ne, amma a jerin ƙwararrun babu shi. Ni kuwa da na ga hotunan haƙora jere a bangon ofishinsa da takardun shaida a cikin gilashi, na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Ban iya jira ba. Na nemo wata ƙwararriya, na biya fam 90 kuɗin gani kawai. Abbansu sai da ya yi tsaki, ya ce kuɗin cefanen sati ne a unguwar Peckham. Ita wannan matar ba ta fara da allo mai rawa ba. Yatsa ta sa a saman dasashin yarinyar tana lalube, dama, hagu, ta sake komawa hagu. Sai ta ce a je a ɗauki hoton nan da na'ura ke zagaye kai gaba ɗaya, aka ƙara da wani ƙarami.

Jama'a, da aka buɗe hoton sai da na ce innalillahi. Fiƙar gaskiyar tana nan a binne a cikin ƙashi, ta wajen ganda, a kwance a karkace, kanta yana nufar saiwar haƙorin da ke kusa da ita. Likitar ta ce wannan fiƙar ta sama wajen shekara 11 zuwa 12 take fitowa, kuma tun yaro yana shekara 10 ya kamata a riƙa jin tudunta a dasashi. In ta ɓata hanya aka bar ta, tana iya cinye saiwar maƙwabcinta a hankali, ba ciwo, ba alama, sai ranar da haƙori ya fara girgiɗi. Na tambaye ta kai tsaye, da mun sa robar fa? Ba ta zagi kowa ba, mace ce mai kamun kai. Ta dai ce roba ba ta kama haƙorin da ke cikin ƙashi, kuma tura na kusa da shi ba tare da an san inda yake kwance ba haɗari ne. Jikina ya yi sanyi. Na dubi yarinyar nan tana wasa da igiyar jakarta, ba ta san me ake ciki ba.

Ga kuma abin da ya ƙara ba ni haushi. A Ingila, yaron da bai kai 18 ba, in yana da buƙata ta gaske, NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ce take yi masa kyauta. Suna da ma'auni, IOTN, daga mataki na 1 zuwa na 5. Na 4 da na 5 ana ɗauka, na 3 sai an duba yadda abin ya ɓata kamanni, na ƙasa kuwa sai dai ka biya da aljihunka. Haƙorin da ya maƙale a ƙashi mataki na 5 ne. Wato abin da aka so in ciyo bashi a kai, ba shi ne maganin ba, maganin gaskiyar kuma haƙƙinta ne ba sisi. Na koma na nemi takardar turawa zuwa asibitin NHS, aka rubuta, muka jira, yau aka ba mu tsari a asibiti.

Za a cire fiƙar yarintar, a yi ɗan ƙaramin aiki a buɗe dasashi, a manna wa haƙorin da ke ɓoye wata 'yar siririyar sarƙa, a ɗaure ta jikin wayar ƙarfen da za a sa mata, a riƙa jawo shi kaɗan-kaɗan har ya sauko mazauninsa. Kusan shekara biyu, ana komawa duk bayan wasu makonni a ƙara ɗaurewa. Kun san sarƙar ta mece ce? Ta zinare! Da na kira Hajiya, mahaifiyata, na gaya mata, ta yi ta dariya, ta ce jikarta za ta riga uwarta yin haƙorin Makka. Wallahi muryarta kawai na ji hawaye ya zo mini. Sai na tuna kakata, mai wushiryar, zaune a kan tabarma da hantsi da asuwakinta a baki, goro a ƙulle a bakin zane. Har ta rasu da haƙoranta take tauna ƙashin kaza. Nan kuwa yaranmu, alewa a makaranta, lemon kwalba a gida, ga sanyi ya hana su fita. Kai, gida daɗi. Bari dai in koma kan maganata.

Kada wata ta ce na ce likitan haƙori na gama-gari ba shi da amfani. Har gobe wajensu za mu riƙa zuwa, ƙwararriyar ma cewa ta yi ba a sa ƙarfe a bakin da ke da rami ko dasashi mai jini, sai an fara gyara wannan. Akwai kuma waɗanda suka daɗe suna aikin daidaitawa, hannunsu ya faɗa, sun san iyakarsu. In ke babba ce, haƙori ɗaya ne ya ɗan karkace, kin amince da likitanki, wannan tsakaninku ne. Ni dai a kan ɗa mai girma, ko haƙorin da bai fito ba, ko haɓar da ta yi gaba ko ta yi baya, ba zan ƙara bari kowa ya taɓa ba sai wanda na ga sunansa a jerin nan da idona. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba kowa ake miƙa wa ba.

Kuma ku tambaya, don Allah. Mu Hausawa kunyar likita tana cutarmu, musamman a ƙasar da muke baƙi, sai mu yi ta gyaɗa kai. Ki ce masa, kai ƙwararre ne a wannan fannin? Za a ɗauki hoto kafin a fara? In abin ya ƙi tafiya yadda allo ya nuna, wa zai gyara, kuma wa zai biya? In fuskarsa ta canza don kin tambaya, ɗauki jakarki.

Masu yin oda ta intanet a aiko muku da roba gida, ku ji tsoron Allah a kan bakinku. SmileDirectClub babban kamfani ne na Amurka, har nan Birtaniya suna da kwastomomi, a watan Disamba na 2023 suka rufe, mutane suna tsakiyar aiki aka bar su da roba a hannu. Masu hawa jirgi zuwa Turkiyya a dawo da haƙora farare tas cikin sati ɗaya kuma, ku sani sau da yawa ba daidaitawa aka yi ba, fiƙe lafiyayyen haƙori aka yi aka kifa masa hula, kuma abin da aka fiƙe ba ya tsirowa. Ƙannena na gida da nake gani a TikTok da ƙarfen gayu, wanda aka manna a shagon kwalliya, ku cire shi. Wayar nan ko ta wasa ce tana tura haƙori. Mai buƙata ta gaske ta nufi asibitin koyarwa, a nan ake samun waɗanda suka karanci abin.

Wani abu da ba a faɗa a talla: in an gama, ba a gama ba. Haƙori yana son komawa gidansa na da. Sai an riƙa kwana da wata roba mai riƙe shi, ritena suke ce mata, kuma ba na wata shida ba, muddin kina son su zauna a miƙe. Na riga na gaya wa yarinyar, ranar da za a kai ta ɗakin miji, ritenarta tana cikin kayan gara.

Af, na kusa mantawa. Ranar da muka fara ganin ƙwararriyar, muna shirin fita na tsaya na ce, likita, dubi nawa, me kika gani? Ta sa safar hannu ta duba sama da ƙasa, ta sa na cije, ta ce dasashi lafiya, cizo daidai, wannan tazarar ba cuta ba ce. Ta ƙara da cewa irinta ko an rufe tana yawan sake buɗewa, sai an manna waya a bayan haƙoran ta zauna dindindin. Na ce ai ta san gidansu ne. Na ba ta labarin kakata, ta ce in yi dariya ta gani. Na yi mata har da ta sayarwa.

Ruwan ya ɗan tsagaita, bari in shiga in ɗora tukunya kafin ƙananan su taso. Wata mai zuwa za a yi aikin dasashin, ku sa mana ita a addu'a. Ita ko a jikinta, tun a mota take lissafin kalar 'yan robobin da za a sa mata a kan ƙarfen, wai kore da fari take so. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.