Libarbar Webley da Harsashin da Ba Nata Ba

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi hoton nan da kyau. Silindar bindiga ce ta tsage gida biyu, ƙarfen da ke samanta ya lanƙwashe ya kalli sama. Irin waɗannan hotuna sun daɗe suna yawo a intanet, kuma duk sanda aka sake ɗora su sai gardama ta kaure. Wasu su ce ai tsufa ne, ƙarfen shekara ɗari ba abin yarda ba ne. Wasu su ce Turawan Ingila ne ba su iya ƙira ba. Da yawa daga cikinku kun turo mini tambaya guda: in harsashi ya shiga bindiga daidai, ya zauna daram, aka ja kunama ta tashi, ta yaya kuma za a ce ba nata ba ne?

A kan wannan tambaya za mu zauna yau. Amma bari mu fara gaisawa da bindigar tukuna.

Sunanta Webley, ƙirar birnin Bamingam na ƙasar Ingila. Irinta ce kakanninmu suka kira libarba, wato ƙaramar bindiga mai silinda da ke juyawa, rami shida, harsashi shida. Sojan Birtaniya ya karɓi samfurin farko a shekarar 1887. Na huɗu ya fito a 1899, na biyar a 1913, sannan na shida, wanda ake rubutawa Mk VI, a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ita ce wannan da kuke gani, mai dogon hanci na inci shida, nauyinta ya ɗan haura kilo guda. Zoben da ke gindin mariƙin na igiya ne, hafsa ya rataya a wuya ko a kafaɗa don kada ta suɓuce masa a cikin taɓo.

Ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Lokacin da dakarun Kanar Morland suka shiga Kano a watan Fabrairun 1903, suka wuce Sakkwato a watan Maris, Webley ce bindigar hannu ta hukuma a sojan Birtaniya. Idan kuka ga tsohon hoton hafsan Bature da jakar fata a ƙugu, to irin wannan makami ake ajiyewa a ciki. Ni dai ba na iya kallonta ban tuna da wannan ba, kuma ina ganin ya kamata mu san kayan da aka zo mana da su, ciki da waje.

Yanzu ku kalli yadda ake buɗe ta. Babban yatsa ya danna wannan maɗauri, sai bindigar ta karye a tsakiya, hancin ya sunkuya ƙasa. Kun ga abin nan mai kamar tauraro da ya taso? Shi ke tunkuɗo kwanson harsasai shida gaba ɗaya, a lokaci guda. Ku sake kallo a hankali. Wallahi aikin yana da kyau. Ga sojan da ke kan doki ko cikin ramin yaƙi, wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ku riƙe abu ɗaya: bindigar da ke karyewa a tsakiya, ƙarfinta duka yana rataye ne a kan maɗaurin nan na sama da kuma fatar da ke ƙasa, wato mahaɗin ƙarfen da bindigar ke karyewa a kansa. Za mu dawo kansu.

Harsashinta na asali sunansa .455. Gajere ne, mai ƙiba, kansa dalma ce mai laushi da nauyi, wajen giram 17, kuma ba ya gudu sosai, kimanin mita 200 a daƙiƙa. Duk ƙirar bindigar an yi ta ne a kan wannan: nauyi da yawa, matsi kaɗan.

To ina matsalar ta samo asali?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta sayar da tarin tsofaffin makamanta. Tun a 1932 ma soja ya riga ya koma wata ƙaramar libarba, Enfield mai harsashin .38. Dillalai suka kwashi Webley jibgi-jibgi zuwa Amurka a shekarun 1950 da 1960, ana sayar da su da araha. Amma a can harsashin .455 wuyar samu gare shi. Wanda ya cika kasuwa shi ne .45 ACP, wanda John Browning ya tsara, na fistol ɗin sojan Amurka samfurin 1911. Ga bindiga babu abincinta, ga abinci tuli babu wanda ya dace da ita. Sai dillalan suka nemi dabara.

Ku dubi harsasan nan biyu da na jera. Faɗinsu kusan ɗaya ne, ido ba zai raba su ba. Bambancin yana gindi. Na .455 yana da ɗan siririn leɓe da ya zarce jikinsa, kaurinsa kamar milimita guda, shi ke hana shi zurmawa cikin rami, shi kuma tauraron nan ke kamawa ya fitar. Na .45 ACP ba shi da leɓen da ya zarce. Amurkawa sun riga sun magance wannan tun 1917, a libarbobin Colt da Smith & Wesson: wani ɗan faranti na ƙarfe mai siffar rabin wata, a maƙala harsashi uku a jikinsa, a zura su tare. Amma farantin yana buƙatar wuri, kuma bayan silindar Webley babu wurin. Sai aka ɗora silindar a kan injin feƙe ƙarfe, aka kankare bayanta kamar milimita ɗaya da rabi. Masu tara bindigogi suna cewa an yi mata aski. Shi ke nan, faranti ya samu wuri, harsashi ya shiga, bindiga ta rufu, an buga ta tashi, an sayar.

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan nake so ku ba ni hankalinku. Askin nan girman wuri kawai ya canza. Bai ƙara wa ƙarfen ƙarfi ko kaɗan ba. Hasali ma ragewa ya yi.

Lokacin da albarushi ya kama wuta a cikin kwanso, iska mai zafi ce ke taruwa cikin ƙiftawar ido, tana tura kowane ɓangare: gaba ta tura kan harsashi, baya ta tura jikin bindiga, gefe kuma ta tura bangon ramin silinda. Ana auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira ba (bar a Turance), irin wanda mai faci ke dubawa in yana ba taya iska. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba biyu da ɗoriya. Hukumar C.I.P., wadda ke tsara ƙa'idar gwajin bindigogi a ƙasashe da dama har da Birtaniya, ta sa iyakar harsashin .455 a kan ba 900. Iyakar .45 ACP kuwa ba 1,300 ne. A ma'aunin Amurka ma ya ɗara haka, yana kai wa fam 21,000 a kan kowane murabba'in inci, alhali na .455 bai wuce kimanin 13,000 ba.

Ku riƙe lambobin nan biyu, 900 da 1,300, ga ta uku tana zuwa.

Kafin a sayar da bindiga a Ingila, doka ta ce sai an kai ta gidan gwaji. Na Bamingam yana aiki tun 1813. A can ake sa mata harsashi na musamman wanda aka ƙara wa ƙarfi da gangan, a buga, a duba ko ta tsage ko ta kumbura. In ta tsira sai a buga mata hatimi. A ƙa'idar yau, harsashin gwajin ƙaramar bindiga yana ɗara iyakar da kashi 30 cikin ɗari. Ku lissafa da kanku: 900 a ƙara kashi talatin, ya zama 1,170. Wannan shi ne nauyin da ake ɗora mata sau ɗaya ko biyu a rami, a cikin ɗaki mai kauri, babu hannun mutum a jikinta. Shi kuwa .45 ACP na kanti, wanda kowa ke saya a kwali, an yarda masa ya kai 1,300. Wato mutumin da ya cika Webley mai aski da shi yana iya yi mata abin da ya fi gwaji tsanani a kowane jan kunama, da hannunsa a kan mariƙi, da fuskarsa a bayanta.

Bari in ƙara wani abu da hoto ba zai nuna muku sosai ba. Kan harsashin .455 na asali dalma ce mai laushi, gindinta da rami, an yi ta ne don ta matse ta wuce ƙuntataccen bakin ramin silinda, sannan ta buɗe ta kama zanen cikin hanci. Na .45 ACP da aka fi sani kuwa an lulluɓe shi da rigar jan ƙarfe mai tauri. Tauri ya haɗu da ƙunci, matsi ya ƙara hawa. Gaskiya ne daga baya an yi wa .455 ma irin wannan riga saboda yaƙi, amma albarushinsa bai tashi daga gwargwadon abin da bindigar za ta ɗauka ba.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙasan bidiyon nan. Zai ce kawuna a Amurka ya buga ɗaruruwa babu abin da ya faru. Na yarda da shi, ba ƙarya yake yi ba. Ƙarfe ba ya yawan karyewa a karon farko. Ku ɗauki waya ku lanƙwasa, ku miƙe, ku sake lanƙwasawa. Sau goma tana nan, sau ashirin tana nan, sai can ta ɓalle a hannunku ba sallama. Haka bangon silinda yake, musamman wurin nan da aka yi ɗan gurbi don makullin da ke tsayar da ita, inda ƙarfen ya fi sirancewa. Kafin ranar, maɗaurin sama yana saki a hankali, fatar ƙasa tana ɗaukar wasa, ramin silinda yana daina fuskantar hanci daidai. Rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya ta mai kaya. Kuma samfuran farko sun fi shiga haɗari, domin sai a na biyar aka ƙara wa silindar kauri don ta jure sabon albarushi marar hayaƙi. Abin takaici, har tsofaffin ma ba su tsira daga askin ba.

To yaya ake gane mai aski? Ku matso. A gefen silinda, dab da bayanta, akwai lambar bindigar da aka buga. A wannan, lambobin cikakku ne, akwai ɗan fili a bayansu. A wannan kuwa, ku duba, an yanke gindin lambobin, wasu rabinsu ya tafi. Ku juyo da fuskar bayan: ta asali tana da ƙananan hatimai da launi iri ɗaya da sauran jiki, mai aski kuwa sumul take, sau da yawa da zanen da'ira na haƙorin inji. Sannan a rufe bindigar a ɗaga ta ga haske. Tazarar da ke tsakanin silinda da jiki ta fi faɗi ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mai aski ta rasa gida biyu. Harsashin .45 ACP ya fi ƙarfinta, nata na asali kuma yanzu ya yi nisa da allurar da ke dukansa, wani ya tashi wani ya ƙi. Shi ya sa masu tarawa ke biyan kuɗi mai yawa a kan wadda ba a taɓa ba. Masu harbi da suka san abin da suke yi, a ƙasashen da doka ta yarda, sai maƙerin bindiga ya duba musu ita tukuna, sannan su yi amfani da harsashin da aka haɗa musamman, mai kan dalma, wanda matsinsa bai wuce na .455 ba. Wasu kuma su sa ɗan faifan ƙarfe ya cike gurbin da aka kankare don harsashin asali ya koma mazauninsa.

Irin wannan ruɗani yana nan a kan .38 ma. Harsashin Enfield da na .38 Special suna ɗaya suka yi tarayya, faɗin kwansonsu daban. An ƙwaƙule ramukan libarbobin yaƙi da yawa don dogon ya shiga, sai kwanso ya riƙa kumbura yana tsagewa. Kama da wane ba ta wane. Wannan sai mun ware masa nasa bidiyon.

Game da mu nan gida: a Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga jerin. Ko a Ingila, tun dokar 1997, mai son harba irin wannan ta tarihi sai dai a ajiye masa ita a keɓaɓɓen wuri kamar filin harbi na Bisley. Mai son ganinsu a jere kuwa, gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke birnin Lids yana da su.

Idan kuma aka buɗe tsohuwar adakar kaka, wanda ya yi soja ko ɗan sanda a zamanin Turawa, aka tarar da irinta a naɗe cikin tsumma, kada a ja kunama don a ji ko tana aiki, kada a nemo mata harsashi, kada a bar yara kusa. A ɗauka akwai harsashi a ciki, a bar ta yadda take, a sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka.