Muryoyi 10,000 da Sanda Ɗaya: Kiɗan Hunturu a Birnin Osaka

Masu kallo, wannan zauren da kuke gani shi ne Osaka-jo Hall a ƙasar Japan, kuma mutanen da suka cika kujerunsa daga ƙasa har sama ba 'yan kallo ba ne, mawaƙa ne. A farkon watan Disamba na kowace shekara, lokacin da sanyin hunturu ya kankama, mutum 10,000 sukan taru a nan domin rera sashen ƙarshe na Simfoni na 9, dogon kiɗan taron makaɗa na Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, wanda Japanawa ke kira Daiku, wato "na tara". An fara wannan taro a shekarar 1983.

Mafi yawansu ba waƙa ce sana'arsu ba. Akwai ma'aikatan ofis, da matan gida, da ɗalibai, da tsofaffi masu furfura, waɗanda sukan shafe watanni suna zuwa ajin koyo bayan an tashi daga aiki, suna haddace baitoci cikin Jamusanci, harshen da galibinsu ba su ji. Baitocin kuwa daga waƙar da marubucin Jamus Friedrich Schiller ya rubuta a 1785 aka ɗauko su, kuma jigonsu shi ne farin ciki da 'yan'uwantakar 'yan Adam.

Yadda wannan kiɗa ya shiga Japan abin mamaki ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Japan ta kama sojojin Jamus a Tsingtao ta ƙasar Sin a 1914, daga baya ta tsare kusan 1,000 daga cikinsu a sansanin Bando da ke yankin Tokushima. Shugaban sansanin, Toyohisa Matsue, ya sakar musu mara, har suka kafa ƙungiyar makaɗa. A ranar 1 ga Yuni 1918 suka kaɗa simfonin gaba ɗaya, karo na farko a Japan, kuma da yake babu mata a sansanin, sai aka mayar da sassan muryoyin mata zuwa na maza.

Yanzu ku dubi mutumin da ke tsaye a tsakiya riƙe da siririyar sanda. Sunansa Yutaka Sado, haifaffen Kyoto a 1961, wanda ya yi koyi a hannun manyan jagororin makaɗa Leonard Bernstein da Seiji Ozawa, ya kuma karɓi jagorancin wannan taro a 1999 daga Naozumi Yamamoto. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka kaɗa hannu kawai yake yi, alhali kuwa ba don shi ba da taron ya watse tun a baitin farko.

Dalilin shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. A zaure mai wannan faɗi, muryar da ta tashi daga wancan gefe ba ta isa wannan gefe sai bayan ɗan jinkiri, saboda haka duk mawaƙin da ya jira ya ji ɗan'uwansa kafin ya buɗe baki, to ya riga ya makara. Dole kowa ya daina dogara da kunnensa, ya zuba wa sandar ido. Ku lura da hannun damansa, shi ke yanka lokaci. Na hagu kuwa shi ke cewa a sassauta ko a ɗaga murya. Ku kuma lura da yadda yake jan numfashi a fili kafin ya sauke hannu, domin dubban ƙiraza su ja numfashi tare da shi. A ganina, nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, domin jagorantar ƙwararru 80 daban ne da riƙe mutum 10,000 da suka zo da zumuɗi da fargaba.

Shi kansa Beethoven bai ji wannan kiɗa da kunnensa ba. Ranar da aka fara gabatar da shi a Vienna, 7 ga Mayu 1824, ya riga ya kurumce, kuma ko da yake ya tsaya a gaban makaɗan yana nuna saurin kiɗan, jagoran makaɗan, Michael Umlauf, shi ne suke bi da ido.