The Roots: Mai Gangar da Ya Koyi Kiɗa a Wajen Na'ura

(Hoto: mai ganga a zaune, mataji soke a gashinsa)

To jama'a, ga Questlove, mai gangar ƙungiyar The Roots, mutumin da ake ta musu a kansa. Duk lokacin da guntun bidiyonsa ya zaga wayoyi, hukunci iri biyu ake yanke masa. Wasu su ce mai gangar nan hannunsa na makara, ba ya tafiya daidai da kiɗa. Wasu kuma su ce ai wannan ba hip-hop ba ne ma, tunda ba DJ ba na'ura, 'yan jazz ne kawai suka samu mai zuba musu gambara. Duka ɓangarorin biyu sun kauce, kuma a wuri ɗaya suka kauce. A wurin za mu yada zango. Sauran tarihin da gudu za mu bi ta kansa.

Sunan ƙungiyar The Roots, daga birnin Filadelfiya na Amurka. A 1987 wasu yara biyu suka haɗu a makarantar sakandaren koyon fasaha ta birnin. Na farko Ahmir Thompson, wanda duniya ta sani da Questlove, shi ne mai gangar. Ɗan gado ne, mahaifinsa Lee Andrews mawaƙi ne tun shekarun 1950, kuma yaron ya tashi yana bin iyayensa daga wannan dandamali zuwa wancan. Na biyu Tariq Trotter, wato Black Thought, mai baitoci. Shi tasa ƙuruciyar daban ce: an kashe mahaifinsa tun yana jariri, aka kashe mahaifiyarsa yana sakandare.

(Hoto: hayaƙi na tashi daga jerin gidaje)

Wannan kuma Filadelfiyar da suka tashi a ciki ce. Ranar 13 ga Mayun 1985 'yan sandan birnin suka jefa bam daga jirgi mai saukar ungulu a kan gidan wata ƙungiyar baƙar fata da ake kira MOVE. Mutum 11 suka mutu, 5 daga ciki yara ne, gidaje 61 suka ƙone. A yammacin birnin abin ya faru, ɓangaren su Questlove. Yaron da ya ga haka yana ɗan shekara 14 ba sai an tura shi aji ya koyi siyasa ba.

Farkon shekarun 1990 suna kiɗa a bakin titin South Street, masu wucewa na jefa musu canji. Malik B ya shigo a matsayin mai baitoci na biyu, Leonard Hubbard ya riƙe jitar bes. A 1993 aka gayyace su wani bikin jazz a Jamus, sai suka haɗa kundin Organix don su samu abin sayarwa a bakin ƙofa. Daga nan kamfanoni suka fara zawarcinsu, suka sa hannu da Geffen, suka yi ɗan zama a Landan suna neman na abinci a ƙananan dandamalin Turai. Shi ke nan, mun iso inda nake so.

(Hoto: faifai biyu na juyawa)

Mu koma unguwar Bronx a New York, 1973. DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya lura da wani abu a wuraren rawa. A cikin tsofaffin faifayen funk akwai ɗan wurin da mawaƙi ke yin shiru, masu jita da masu busa su janye, a bar mai ganga shi kaɗai. Nan ne 'yan rawa ke haukacewa. Matsalar ita ce wurin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Sai Herc ya samo faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kowanne a kan nasa garmahon, wannan na ƙarewa ya saki wancan, ya mai da na farkon baya. Abin daƙiƙoƙi ya koma na mintoci. A kan wannan maimaicin aka fara zuba gambara.

Yanzu tambayar da ake tsallakewa: wa ya buga gangar da ke cikin faifan? Mutum ne. Ga guda, Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown. A 1969 ubangidan nasa ya ba shi fili a tsakiyar wata waƙa, ya yi ɗan kiɗa na kusan daƙiƙa 20. An yanko wannan wurin an saka a ɗaruruwan waƙoƙin hip-hop, kuma bawan Allah bai ci ribar yankan ba har ya koma ga Mahaliccinsa a 2017. To kun ga, tun fil'azal gangar hip-hop ta hannun ɗan Adam ce.

Amma ba yadda ɗan Adam ya buga ta ake jin ta ba. Ƙarshen shekarun 1980 na'urorin yankan sauti suka shigo, SP-1200 a 1987, MPC60 a 1988. Na'urar za ta kama ɗan guntun kiɗan ta yi ta maimaita shi, na ɗari daidai yake da na farko. Ba ta gajiya, ba ta zumuɗi, ba ta ƙara sauri in amshi ya zo. Sautin kuma ya fito a bushe, da ƙurar tsohon faifai a jikinsa. Kunnen samarin wancan zamani da wannan ya saba. In ba su ji haka ba, ba su ji hip-hop ba.

Nan Questlove ya shiga tsaka mai wuya. Duk mai gangar da ya samu horo, abin da aka koya masa shi ne ado: ya sauya salo, ya zagaya kan ganguna a ƙarshen baiti, ya taso in waƙa ta taso, ya lafa in ta lafa. Shi kuwa aikin da ke gabansa shi ne ya danne wannan duka.

(Hoto: hannunsa na hagu, a kusa, an rage gudun bidiyon)

Ku dubi hannun nan. Sandar na tashi zuwa tsayi ɗaya, tana sauka a wuri ɗaya a kan fatar, da ƙarfi ɗaya. Ku ƙirga tare da ni in kuna so. Sau takwas, sau goma sha shida, babu abin da ya canza. Kafaɗarsa ko motsi ba ta yi. Ƙaramar gangar an ɗaure ta tamau don ta ce “tas” ta yi shiru, ba tare da ta ja amo ba. Wannan mutum ne da zai iya cika muku kunne da salo kala-kala, ya zauna minti huɗu yana buga abu guda. Masu ganga sun san azabar da ke cikin haka. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba shi ke ganin sauƙinsa.

Bayan kundinsu na 1995, mai ƙamshin jazz, an yi ta yi musu kallon ba 'yan gida ba. Sai a 1996, a kundin Illadelph Halflife, suka mai da martani da aiki: aka sarrafa gangarsa a situdiyo har ba ka iya rantsuwa cewa ba na'ura ba ce. A dandamali kuma suna da wani sashe da suke jero tsofaffin waƙoƙin hip-hop ɗaya bayan ɗaya, suna sake gina kowane yankakken sauti da hannu. Hatta ƙarar da DJ ke yi in ya goga faifai, Rahzel da Scratch da baki suke fitar da ita. Masu cewa ba DJ, ga DJ nan har biyu, garmahon ne dai a maƙogwaro yake.

Saura maganar makara, kuma nan ne abin ya ƙara juyawa.

Waɗannan na'urori suna da wani tsari da ke gyara wa mutum hannu. In ka danna maɓalli ka ɗan kuskure lokaci, na'urar ta jawo bugun ta ajiye shi daidai kan layi. Kusan kowa da shi yake aiki. Sai ga wani matashi daga Detroit, James Yancey, wato J Dilla, ya ƙi. Wani lokaci ya kashe tsarin ya buga da yatsunsa, wani lokaci ya ture bugun daga kan layi da gangan, wannan ya riga lokaci kaɗan, wancan ya biyo baya kaɗan. Da Questlove ya fara jin aikinsa a tsakiyar shekarun 1990, ya kwatanta shi da kiɗan ƙaramin yaron da ya bugu. Kuma a nan take ya san abin da zai koya ke nan.

Ku tsaya ku lissafa. Mutum ya buga ganga. Na'ura ta yanke ta maimaita. Questlove ya shekara da shekaru yana horar da jikinsa ya zama na'urar. Sai wani ya sa na'urar ta yi tangaɗi irin na mutum, shi kuma dole ya koma ya koyi tangaɗin, amma tangaɗi mai ƙa'ida, wanda zai maimaitu daidai a kowane zagaye.

(Sauti kawai, allo baƙi)

Ba ni da hoton da zai nuna wannan, sai dai kunne. Ku saurari ƙarfen da hannun damansa ke bugawa, yana tafe cak kamar agogo. Yanzu ku saurari ƙaramar gangar. Kun ji ta? Tana zuwa a bayan inda kuke jiran ta, da ɗan taƙi. Ku sake ji. Daidai wannan taƙin ta sake bari. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude ya san wannan: akwai wadda taɓaryarta ke sauka a ɗan makare kullum, kuma ita ce ke sa dakan ya yi daɗin ji. In kuskure ne, yau zai yi gaba gobe ya yi baya. Wannan a wuri ɗaya yake zama. Kundin Voodoo na mawaƙi D'Angelo, na shekarar 2000, Questlove ne a kan yawancin gangunansa, kuma can ne salon ya nuna sosai.

To me ya haɗa wannan da waƙar wayar da kai da aka san The Roots da ita? Ni a ganina, abinci. Ƙungiyar da ke iya tashin dandamali da hannunta ba ta dogara da gidan rediyo ba. The Roots sun shafe shekaru a kan hanya, wasa bayan wasa, kuma wanda tuwonsa ba ya hannunka yana iya faɗa maka gaskiya. A 1996 suka yi wani bidiyo suna kwaikwayon bidiyoyin gambara na lokacin, katafaren gida, manyan motoci, 'yan mata a bakin ruwa, sai rubutu na fitowa a ƙasa yana tona asiri: gidan na haya ne na yini guda, abin da ke cikin kofin nan ba giya mai tsada ba ce, lemo ne. Fitaccen mai gambara Notorious B.I.G. ya ɗauka da shi ake, ransa ya ɓaci.

(Hoto: bangon kundin 1999)

Fabrairun 1999, Things Fall Apart. E, sunan littafin Chinua Achebe na 1958 suka ara, na mutanen da suka ga duniyarsu na rushewa bayan zuwan Turawa. Su hip-hop suke nufi, da yadda kuɗin kamfanoni ya shigo ya sauya shi. Hoton bangon na gaske ne, daga shekarun 1960: matasa baƙar fata biyu na gudu a wani titin Brooklyn, 'yan sanda a bayansu. Ku dubi fuskar yarinyar da ke gaba. Kundin ya buɗe da wata muhawara da aka ɗauko daga fim, inda makaɗi ke kukan cewa mutanensa baƙar fata ba sa zuwa kallonsa, abokinsa na ce masa laifinsa ne, ba ya buga abin da suke so. The Roots kansu suke nufi, domin a lokacin zaurukan wasansu sun fi cika da farar fata 'yan jami'a.

Abin dariyar, bayan duk wannan nauyi, waƙar soyayya ce ta fitar da su. Jill Scott, 'yar garinsu, ta rubuta amshin, kamfani ya ce ba a san ta ba, aka kawo Erykah Badu ta rera. Waƙar ta ci kyautar Grammy a 2000, kundin ya kai na 4 a jadawalin Billboard.

Black Thought kuwa, in kuna jiran mai wa'azi ba za ku same shi ba. Ba ya cewa ku yi kaza ku bar kaza. Zayyana maka unguwa yake yi, ɗan sanda, mai sayar da ƙwaya, uwar da ke jiran ɗanta, ya bar ka da su. Ni dai ban ga na biyunsa ba wajen riƙe numfashi a dandamali. Wanda ke musu ya nemi bidiyonsa na Disambar 2017 a rediyon Hot 97, minti goma yana zuba baitoci ba tsayawa.

Sauran da sauri. 2001, Jay-Z zai yi wasa ba na'ura a MTV, su ya kira. 2006, suka koma kamfanin Def Jam, suka fitar da Game Theory, kundi mai duhu na zamanin yaƙin Iraƙi, suka rufe shi da ta'aziyyar J Dilla wanda ya rasu a Fabrairun shekarar yana da shekara 32. 2008, Questlove ya kalli wasan kwaikwayon rayuwar Fela Kuti a wani ƙaramin zaure a New York, ya yi ta kururuta shi, har su Jay-Z da Will Smith suka shigo aka kai shi manyan zaurukan wasan kwaikwayo na Broadway.

Maris 2009 suka karɓi aikin kiɗa a shirin dare na Jimmy Fallon a tashar NBC, 2014 suka bi shi zuwa The Tonight Show. An yi ta cewa sun sayar da kansu. Shekarun farko sun ƙaryata masu faɗin haka, domin a 2011 suka fitar da Undun, labarin wani matashin da titi ya cinye, an faro daga mutuwarsa ana komawa baya. Amma daga kundinsu na 2014, sun shafe fiye da shekara 10 ba sabon kundi da sunan ƙungiyar. A tsakanin nan Malik B ya rasu a 2020, Leonard Hubbard a 2021, Questlove kuma ya ci kyautar Oscar a 2022 da fim ɗin da ya haɗa kan bikin kiɗan Harlem na 1969. Albashin talabijin ya sauke su daga motar yawon wasa, ya ba su hutun da suka cancanta, kuma a ra'ayina ya cinye mana kundi biyu ko uku.