Angurya Tana Tsufa a Cikin Buhu

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana manoman auduga.

Anguryar da kuka jingine a ɗaki mai rai ce. Tana numfashi a hankali, tana kuma tsufa. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta mai ne, irin man da iska ke saurin ɓatawa. Kun san yadda man gyaɗa ke canza wari idan ya daɗe a buɗe? To, haka ke faruwa a cikin ƙwayar. Iskar oksijin tana haifar da wasu sinadarai masu ci, su far wa man da ke bangon ƙwayoyin halittarta, bangon ya huhhuje. Ranar da aka shuka ta, ta sha ruwa, sai sukarin da ya kamata ya ciyar da tsiro ya tsiyaye cikin ƙasa. Fumfuna ta samu abinci, manomi ya samu giɓi a kunya.

Allah bai bar ta ba kariya ba. Akwai bitamin E a cikin manta, akwai kuma sinadaran da masana ke kira katalas da feroksidas, masu kashe kaifin wannan guba. Sai dai su ma ƙarfinsu na raguwa da daɗewar ajiya, kuma zafi da laima ne ke saurin karya su. Shi ya sa tsohon iri, ko ya fito, yake fitowa a makare, a raunane.

Wani masani Ba'amurke, Harrington, ya ba da ƙa'ida: duk lokacin da danshin iri ya ragu da kashi 1, ko zafin ɗaki ya sauka da digiri 5, rayuwar irin kan ninka. Ku auna wannan da halinmu. An gurza auduga da hunturu a Funtuwa ko Gusau, iri ya bushe sarai. Sai bazara ta same shi ƙarƙashin kwano, zafi ya haura digiri 40. Wanda ya kwana shekara kuwa, laimar Agusta ta ratsa shi. Wallahi yana damuna in ga irin auduga mai kyau na SAMCOT, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, ya mutu a kan daɓen siminti.

Ku ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, inda iska ke wucewa. Kafin shuka, ku ƙirga ƙwaya 100, ku naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara, ku riƙa yayyafa ruwa. Ku duba a kwana na 4, ku sake dubawa a na 12. In kusan rabi sun ƙi fitowa, kada wannan iri ya shiga gona, ku ba shanu.