"A Kai Kasuwa": Laccar da Aka Yi wa Ɗaliban Ƙungiyar Hausa a Wani Ƙauye Kusa da Gumel

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo game da maganar nan da kuke jefa wa juna a waya, "a kai kasuwa": ma'anarta, asalinta, da yadda ta faɗo bakin 'yan zamani.

Ma'ana kun fi ni sani. Saurayi ya turo saƙo a WhatsApp wai yana ciki, yarinya ta ce masa a kai kasuwa, har da hoton dariya. Ba ta yi ke nan. Ga wasu can suna sunkuyar da kai, da alama an taɓa kai su. (dariya)

To asali. Asalin maganar ciniki ne, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Wanda ya taɓa zuwa Maigatari ranar Alhamis ya ɗaga hannu. Yauwa. Ka shiga kara, ga shanu, ga raƙuma, ga tumaki an koro daga Nijar. Tsaya kusa da dillali ka saurara. Mai saye zai taya wani sa, tayin da shi kansa ya san bai kai ba. Me mai sa zai ce? Ba zai ce a'a ba. Cewa zai yi "albarka". Ku duba fa! Mutum ya rena maka dukiya, kai kuma ka mayar masa da addu'a. Dillali ya ja wannan gefe, ya ja wancan gefe, a ƙara, a sake cewa albarka, a ƙara, har a ji "na sallama", dillali ya karɓi la'adarsa. Ku je Wudil ranar Juma'a, haka za ku tarar. A yi ta ja-in-ja tun hantsi har azahar, ba wanda ya ce wa wani a'a. Ni wannan abu yana burge ni. Bahaushe yana jin nauyin a'a tsirararta, sai ya sa mata riga. Almajiri ma in ya yi bara babu abinci, "Allah ya ba da haƙuri" ake ce masa.

Ina muka tsaya? Yauwa. To a ƙauye ba kullum kasuwa ke ci ba. Matsuwa ta kama mutum ranar Litinin, sai ya jawo akuyarsa zuwa gidan maƙwabci ko zai saya. Maƙwabcin ba ya so, ko ba shi da kuɗi, kuma ba ya son a ce ya kushe. Sai ya ce, "Malam, gara a kai kasuwa, can za ta fi daraja." Ya ƙi, amma bai ce akuyar ramammiya ba ce. Kun ga inda ta fito.

Na biyu... a'a, na uku ko? Lokaci ya ja. A gurguje: matasa suka ɗauke ta daga kan akuya suka ɗora kan soyayya, kan siyasa, kan duk tayin da bai yi musu ba, Facebook da TikTok suka yaɗa ta. Tana da 'yar'uwa tsohuwa, "ba da ni ba, gaɗa a maƙabarta", sai dai wannan gudun haɗari ce, waccan kuwa tsokana.

Na'am, ɗan samari, tambaya? Ɗaga murya.

(Wani ɗalibi: Malam, in yarinya ta ce a kai kasuwa, a haƙura ko a ƙara tayi?)

Kai! Wannan tambaya ba ta aboki ba ce, taka ce. (dariya) To saurara. Da "albarka" ta ce, da sauran magana, don mai cewa albarka jira yake a ƙara. Mai cewa a kai kasuwa kuwa ya nuna maka hanya ne, ja akuyarka ka yi gaba. Sai dai ku 'yan mata, da ku ma samarin, maganar tsara ce. Kada Baba ya ce gobe da asuba za a tafi noma, wani ya ce masa a kai kasuwa, sannan ya ce a lacca ya koyo. Ba da ni ba.