Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Bargar Tsofaffin Dawaki, Daura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau. Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, likitocin dabbobi, 'yan'uwana masu kiwon doki, da yaranmu 'yan barga da suka kwana suna shara da yayyafi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Daura ta Abdu, tushen Hausa. Sannu da hanya. Mun san an saba kai manyan baƙi inda ake kaɗa tambari, dawaki sun sha jalala da kwalliya. Mu nan ba mu da ko ɗaya da zai iya jafi. Waɗanda ka tarar a turke tsofaffi ne, da guragu, da masu gyambo a baya, amma ka taso tun daga Katsina don ka gan su. Allah ya saka da alheri.

Kowane yaro a garin nan ya san labarin Bayajidda, yadda ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya karɓi guga ya nufi Kusugu ya kashe macijiyar. Akwai wurin da masu ba da labari kan wuce da sauri, ni kuwa nan na fi tsayawa: mutumin nan a kan doki ya zo, kuma dabbarsa na cikin waɗanda ya nema wa ruwan. Garin da tarihinsa ya taso daga shayar da abin hawan baƙo bai kamata a ga doki yana lasar kwata a cikinsa ba.

Amma ana gani. Ranar hawan Sallah, ko hawan Magajiya, ko Sallar Gani, kowa na son ingarma. A yi masa wanka, a ɗaura sirdi, a ɗauki hoto. Idan shekaru suka ja, haƙora suka lalace, ƙafa ta fara ɗingishi, sai lissafin harawa da dusa ya fi ƙarfin mai shi. Ba na zagin kowa, domin na san abin da buhun gero ya koma, kuma mutumin da ke fama da tuwon iyalinsa ba a yi masa gorin abincin doki. Sai dai doki kan kai shekara 25 zuwa 30 idan ya sami kulawa, kwanakin hawa kuwa 'yan kaɗan ne a shekara. Sauran kwanakin wa ke da su? Wasu a sake su su bi juji suna cin leda, alhali doki ba ya iya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga, sai kumburi. Wasu a sayar wa masu lodi a yi kudu da su don yanka.

Da kilin can da ke ƙarƙashin gawo muka fara. Wani ɗan'uwanmu ya tsince shi a bayan gari ana tsakiyar bazara, haƙarƙarinsa duk a waje, kaska ta cika masa kunne, ƙudaje sun baibaye gyambon da sirdi ya yi masa. Na tsaya a kansa na kasa magana, saboda mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ɗan barga ne, kuma ban taɓa ganin ya kai loma baki ba kafin ya zuba wa doki. Muka yi karo-karo, wannan ya kawo damin harawa, wancan kanwa, wani likitan dabbobi ya zo a kan babur ɗinsa bai karɓi ko kwabo ba. Ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya goge masa haƙoran da suka yi tsini suna yankar kumatunsa, muka yi ta wanke gyambon safe da yamma. Sai da damina ta faɗi kafin ya yarda mutum ya shafa wuyansa. Ranar da ya yi haniniya da ya hango mai kawo masa dusa, dattawa biyu a nan sai da suka share ƙwalla.

Abin da ba mu zata ba shi ne abin da ya faru da filin. Da muka zo, faƙo ne, ko tsaida ba ta fitowa sosai. Muka riƙa tara kashin dawaki a rami yana ruɓewa, muna watsawa, muka hana sare 'yan gawon da ke tsirowa da kansu. Manomi ya san halin gawo: da damina yake kakkaɓe ganyensa ya bar wa gero rana, da rani ya yi inuwa ya zubo 'ya'ya dabbobi su ci. Yanzu maƙwabtanmu kan zo da amalanke su kwashi taki, bayan girbi su aiko mana da harawar wake da ta gyaɗa. Ba mu ƙirƙiro wannan ba. Haka kakanninmu suka zauna, barga na ciyar da gona, gona na ciyar da barga. Tun 2007 ake maganar katangar bishiyoyi ta Afirka don tare hamada, jihar Katsina kuma na cikin jihohin da ke bakin gaba. Mu dai ga namu ɗan abin da hannunmu ya kai.

Su ma yaran sun canza. Da yamma bayan makarantar allo sukan zo, a koya musu ɗaura ragama, da duba kofato, da yadda ake jan tsohon doki kilisa ba tare da bulala ba. Akwai wanda uwarsa ta zo da kanta ta ce ya daina yawon banza tunda ya sami goɗiyar da yake wa wanka.

Ranka ya daɗe, kai ɗan ƙasar da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo ne, ƙasar Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, sunansa ya kai ƙasashen waje a kan doki. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin kayan gadon duniya, muka yi murna kamar namu, domin gado ɗaya ne. Kuma ya inganta daga Manzon Allah cewa alheri na ƙulle a goshin dawaki har ranar ƙiyama. Bai ware tsoho ba.

Saboda haka ga kukanmu. Filin nan aro ne, muna roƙon a ba mu takardar wuri, don wanda ba shi da tabbacin gobe ba ya dasa bishiya da zuciya ɗaya. Sai ruwa: doki ɗaya kan sha fiye da jarka guda a yini idan zafi ya tsananta, mu kuwa saye muke yi a kura, rijiyar burtsatse ɗaya za ta sauke mana wannan nauyi. Muna kuma fatan a riƙa turo likita kafin damina, lokacin da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗa annobar dawaki, a yi wa na gari duka rigakafi, ba namu kaɗai ba. Aikin hannu kuwa, shara da wanka da kwana a turke, wannan namu ne, ba za mu ɗora wa gwamnati ba.

Allah ya taimaki Mai Martaba Sarki, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya mayar da kai gida lafiya. Yanzu bismillah, mu zagaya da kai. Da kilin za mu fara, sai dai a biyo ta hagunsa, ranka ya daɗe, idonsa na dama ba ya gani.