Daga Liyon zuwa Damagaram: maganar amoniya da ciwon hanta

Salamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango, ina wuninku? Yanzu na taso daga aiki a labo, wato ɗakin gwajin jini, nan Liyon ta ƙasar Faransa, na tarar saƙonnin murya sun taru a kan abu guda: ko ya kamata a yi wa mai ciwon hanta gwajin amoniya.

Ita amoniyar nan wani datti ne mai guba da jiki ke fitarwa, yawancinta a hanji take samuwa, sa'ad da ake narkar da nama, wake da ƙwai. Jini ya kai ta hanta, hanta ta juya ta, ƙoda ta zubar a fitsari. In hanta ta ƙandare, sai amoniyar ta zarce ƙwaƙwalwa. Nan ne za ku ga dattijo yana barci da rana, dare kuwa ido biyu, yana kiran ɗansa da sunan ƙanensa. A ce ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafi, sai su riƙa faɗuwa suna tashi kamar fiffiken kaza. Mu a gida me muke cewa? Iska ce, ko sammu. A yi ta hayaƙi, alhali ga babban asibitin Damagaram.

Ku dubi kwanon nan, ƙanƙara ce na ciro daga firji don in nuna muku. Da an ɗebi jinin, cikinta kwalbar ke shiga, a ruga labo, ba a so a wuce minti 30. In ya zauna, amoniya ƙaruwa take a cikin kwalbar. Robar ɗaure hannu ta daɗe, dunƙule hannu, shan taba kafin a ɗiba, duk suna ɗaga lambar. To, ku auna da zafin Afrilu, sama da digiri 40, a ce an ɗauko jinin bisa kabu-kabu daga Mirya. Wallahi ko dala ba zan saya wannan sakamako ba.

Shi ya sa ban ga dalilin sayar da akuya don wannan gwaji ba. Lambar ba ta faɗin tsananin ciwo, likita da duba majinyaci yake ganewa. Amfaninta, in ta fito ba ta hau ba, sai ya nemi wani sanadin ruɗewar, kamar faɗuwar sukari. In ruɗewar ta hanta ce, magani laktuloz ne, ruwa mai zaƙi, ana sha har a riƙa bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana. Sannan a nemo abin da ya tayar da ciwon, taurin ciki ne, zazzaɓi ne, ko baƙin kashi na zubar jini. Kuma don Allah kar ku hana majinyacin nama da wake. Yunwa tsoka take ci, tsoka kuwa ita ke taya hanta kwashe amoniya.

Kuɗin ku kai su gwajin ciwon hanta B, a takarda za ku ga AgHBs. Yakan yi shekaru bai nuna kansa ba. Jariri ana so a yi masa rigakafin cikin awa 24 da haihuwa, ku tambaya tun lokacin awon ciki. Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli kuma, gujiyar da ta yi funfuna a zubar, suya ba ta kashe dafinta mai cutar da hanta.